Masaukin da Kawu Ba Zai Iya Miƙewa Ba

Zuwa ga Malamata, hasken idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan sanyi ga mai dawowa daga aiki, uwar 'ya'yana, wadda nake gani kullum nake kuma kewarta kullum,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan kina lafiya. Na san wannan fata zai ba ki mamaki, tunda da safen nan ke kika miƙo mini shayi. Amma miƙo shayi daban, sanin lafiya daban. Kin ajiye kofin, kin ce "ga shi," kin juya, kuma tsakanina da ke akwai ƙafafun Kawu a miƙe, da kwandon wankin Gwaggo, da ƙaninki yana laluben cajarsa a ƙarƙashin kujerar da nake zaune. Ta ina zan tambaye ki yadda kika kwana? Shi ya sa na ɗauki biro. Ina rubuto miki ne daga banɗakin wani bawan Allah da nake sa wa tayil, a bene na sama, ina zaune a kan bokitin da na kife, takarda a kan kwali. Sauran ma'aikata sun tafi cin abincin rana. Duk faɗin garin nan, banɗakin mutane ne kaɗai wurin da zan iya keɓewa da ke, shi ma ba kya ciki.

Tun ranar da na nuna hoton ɗakin da na kama mana a ƙasar da za mu je hutu, fuskarki ta rufe mini kamar sama in hadari ya haɗu. Kin kalli wayar, kin kalle ni, kin ce, "Wannan ne ɗakin, ko hanyar zuwa ɗakin?" Daga nan ban ƙara jin wata magana mai tsawo daga bakinki ba. Na san abin da kike zato. Kina zaton rowa ce ta sa mijinki ya zaɓo miki akurki a ƙarƙashin rufi, ya kuma cika miki hutu da wahalhalu. Wallahi ba rowa ba ce. So ne, Malamata, so ne tsagwaronsa, sai dai ya biyo ta hannun mai sa tayil. Abin da nake nema ba shi da yawa: ni da ke, ɗaki ɗaya, ƙofa a rufe, na 'yan kwanaki, ba wanda zai ƙwanƙwasa ya tambayi inda aka ajiye man zafi. Ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci.

Kin tuna yammacin da muka tare a gidan nan? Ba kujera, ba labule, falon ma ban gama shimfiɗa masa tayil ba. Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, kika tattare zaninki kika zauna a kan buhun siminti, kina miƙo mini tayil ɗaya bayan ɗaya, kina ba ni labarin wata yarinya a ajinku da ta cinye alli ta ce ita ba ta ga alli ba, bakinta fari fat. Kika tashi za ki rufe taga, kika manta, kika taka ɗanyen siminti da ƙafarki ta dama. Dariyar da kika yi ranar, da ana iya ɗura ta a kwalba da ban ƙara sayen magani ba. Ban shafe sawun ba. Na ɗora tayil a kansa a hankali, yatsu biyar da diddige, kamar mai rufe ƙwai. Har yau in aka ƙwanƙwasa tayil ɗin nan yana amsawa da wani sauti na daban, abin kunya ga mai sana'a irina, amma ni kiɗa nake ji. Ruwan bai gama ɗaukewa ba aka yi sallama. Kawu ne, ƙanin mahaifiyata, da jaka ɗaya da katin asibiti, ya ce kwana biyu zai yi a duba masa gwiwa. An duba gwiwar, ta warke, ta sake tashi, ɗayar ma ta karɓa. Katifarsa a kan sawunki take, shekara goma sha wani abu ke nan.

Ban ga laifin kowa ba. Laifin gidan ne da ya je ya zauna tsakanin babban asibiti da tashar mota, duk wanda ya sauka sai ya tuna yana da 'yan uwa. Gwaggonki ta zo taya ki renon ɗanmu na fari, ta ce za ta koma in jariri ya yi ƙwari. Yanzu jaririn ya fi ta tsawo, ta ce har yanzu da saura. Ƙaninki ya zo neman aiki, shi da aikin suna ta saɓani a hanya. Ɗakinmu kansa ya zama ofis: a nan akwatin Gwaggo yake, a nan madubi yake, a nan soket ɗin da ke aiki yake. Idan mutane suka ga 'ya'yanmu uku suka ce masha Allah, ni ma nakan ce masha Allah, da mamakin da ya fi nasu. Ina son su duka, Allah ya sani, kuma ban taɓa nuna wa ɗayansu ƙofa ba.

To da kamfanin da na daɗe ina sayen tayil ɗinsa ya aiko cewa sun zaɓe ni cikin tsofaffin abokan ciniki, in je in ga masana'antarsu a lokacin sanyi, ni da mutum ɗaya, su ɗauki nauyin jirgi, mu kuma mu zaɓi masauki da wuraren yawo da kanmu, sai na ji kamar an buɗe mini taga a ƙirji. Yayata ta ce a kai mata yara. Na same ki a bayan gida kina shanya, na laɓe a bayan zanin gado na raɗa miki. Kafin magariba Gwaggo ta fito da fasfonta tana goge shi da gefen mayafi, Kawu yana tambaya ko can ma akwai masu duba gwiwa, ƙaninki kuwa har ya fara koyon gaisuwarsu a waya. Jirgi ba zai gagare su ba; kin san danginmu, in dai tafiya ce, kowa yana da ɗa ko jikan da zai tsaya masa. Wurin kwana kawai suke nema, kamar kullum. "Ai ba za mu takura muku ba," in ji Gwaggo. "Ko'ina muka samu sai mu ɗan miƙe."

Wannan "ɗan miƙe" shi ya kashe mana masauki na farko. Kai, Malamata, da kin san yadda na so gidan nan! Gidan katako ne a bakin tafkin da ya daskare, dusar ƙanƙara ta kwanta a rufinsa kamar auduga, ga murhu a falo, ga taga mai faɗin bango. Na hango ki tsaye a gaban tagar, kofi a hannu, farin duniya duk yana haska fuskarki, ni kuma ina gefe ina kallon abin da ya fi tafkin kyau. Wace ƙanƙara ce za ta yi sanyi a inda kike? Wane dare ne zai yi tsawo ga wanda aka ba izinin kallonki ba katsewa? Kuskurena ɗaya, a falo na nuna hoton. Waya ta zagaya. Kawu ya ɗora yatsa a kan doguwar kujera ya ce, "Nan ya ishe ni, ɗana, ni ba mai son wahalar da mutane ba ne." Gwaggo ta zaɓi shimfiɗar gaban murhu saboda ƙugunta. Ƙaninki ya buɗa hoton banɗaki da yatsu biyu, ya ce bahon wankan nan in aka sa masa bargo ya fi gadonsa na nan. Kafin wayar ta dawo hannuna an raba gidan kaf. Mu biyu aka bar mana gado, da sharaɗin za a riƙa ajiye jakunkuna a kansa da rana.

Na koma otal, irin mai dokar mutum biyu a ɗaki. Na karanta musu dokar da ƙarfi, na maimaita. Gwaggo ta ce dokar ba ta shafe ta ba, ita ba mutum ba ce, uwa ce. Kawu ya ce duk inda ya taɓa zuwa a duniya, in ka gaisa da maigadi da kyau, doka takan yi laushi. Na rufe wayar na ce zan ƙara dubawa.

A nan ne na ce to, bari sana'a ta yi magana. Kin san ni, ban iya waƙa ba, ban iya tsara zance ba, amma ba a ɓoye mini girman ɗaki. Masu masauki suna da wayo, sai su maƙale a lungu su ɗauki hoto, ɗaki ya koma filin ƙwallo. Ni kuwa ba ruwana da labule da furen da aka ajiye a tebur, ƙasa nake kallo. In na ga irin tayil ɗin na san faɗinsa, in na ƙirga daga ƙafar gado zuwa bango na san ko mutum zai kwanta a wurin. In katako aka shimfiɗa ma haka. Sai na mayar da neman masauki aikin awo. Duk ɗakin da Kawu zai iya miƙewa a ƙasansa, na wuce. Duk wanda Gwaggo za ta iya naɗewa a lungunsa, na wuce. Mai doguwar kujera ko baho ko baranda kuwa ko tsayawa ba na yi. Mutanen duniya suna neman ɗaki mai fili da iska, mijinki yana kan buhun siminti yana tsaki duk lokacin da ya ga ɗaki mai kyau. Na ga ɗakuna, ya farin watana, ɗakunan da suka dace da ke, na runtse ido na wuce su zuciyata tana zafi. Na kusa mako biyu a haka, har mai aikin famfo ya tambaye ni ko an yi mini rasuwa.

Sai Allah ya haɗa ni da ɗakin nan da kika gani, na wata tsohuwa. A ƙololuwar wani tsohon gida yake, babu lif, ƙafa ce za ta kai ka, matakalar kuma siririya ce mai murɗewa kamar bawon lemon da aka fere. Ina ganinta na tuna gwiwar Kawu na yi murmushi, Allah ya yafe mini. Gado ya cika ɗakin bango zuwa bango, ƙofa waje take buɗewa don ba ta da inda za ta a ciki. Sai dai hoton bai nuna wajen ƙafar gado ba, ni kuma ba na amincewa da abin da ban auna ba. Na rubuta wa mai masaukin, waya tana fassara mana. Na tambaye ta ko namiji matsakaici zai iya kwanciya a ƙasa. Ta ba ni haƙuri, ta ce a'a. Na ce in ya lanƙwashe fa? In tsohuwa ce gajeriya mai taurin kai fa? Ƙarƙashin gado fa, akwai wuri? Ta yi shiru yini guda, ina jin shawara ta tafi yi ko ta kira 'yan sanda. Washegari sai ga hoto: mijinta, dattijo mai farin gemu da rigar sanyi, kwance a ɗan wurin, kansa a waje kan matakala, ƙafafunsa a sama jikin bango, yana kallon kyamara da idon mutumin da aure ya kai inda bai zata ba. A ƙasa ta rubuta cewa ta yi baƙin ciki, ɗakin ba zai ishe mu ba. Na amsa mata cewa a rayuwata ban taɓa ganin ɗaki mai kyau irin wannan ba. Tun ranar take yi mini magana a hankali, yadda ake yi wa marar lafiya.

Da idon masoyi na kalli ɗakin nan, Malamata. Rufin da ya sunkuyo har mutum ba ya iya tsayuwa sai a bakin ƙofa, ni rumfa na gani. Tagar da ba ta fi faranti ba, mai kallon bututun hayaƙin maƙwabta, na ce ta isa, me zan nema a waje alhali rana tana ciki tare da ni? Wurin wankan na tsaye ne, a ƙarshen korido, na kuma sa aka tabbatar mini ba a iya zama a cikinsa, domin Kawu ya yi aikin gadi a ƙuruciyarsa, yana iya barci a zaune. A tsaye ma ban ba da shaida ba, amma na dogara ga matakala.

Na ɗauka na gama, ashe da sauran aiki. Suka yi taro a kan katifar Kawu suka fito da matsaya: tunda ɗaki ya yi kaɗan, za su nemi wani a kusa su uku, da safe su zo mu karya tare, mu fita yawo tare, in an dawo su rako mu har ƙofa. Gwaggo ta ce, "Ai ba a barin yara su kaɗai a ƙasar mutane." Yaran nan ni da ke ne, ni da furfurata a gemu.

Sai na juya kan wuraren yawo. Takardar da kamfani ya aiko cike take da abubuwa masu daɗi: wata kasuwa da ake ƙawata da fitilu, gidan tarihi mai ɗumi, jirgin ƙasa mai manyan tagogi da ke ratsa duwatsu ana ba mutum shayi. Duk na tsallake, domin ba abin da Gwaggo take so irin kasuwa, Kawu kuma in ya ji za a ba da shayi ko a kan kara ne zai zauna. Na tsaya na tuno abin da kowannensu yake gudu, kuma a nan ne zaman shekaru ya yi mini rana. Gwaggo da kare ba sa haɗa unguwa. Kin tuna ta taɓa fasa fita don ta ji kare yana haushi a rediyo. Sai na samo wani yawo a cikin daji, inda ake ɗaura wa karnuka keken katako marar taya su ja mutum a kan ƙanƙara, garke guda, masu shuɗin ido da harshe a waje. Na kunna mata bidiyon. Ta kalla har ƙarshe baki buɗe, sannan ta ce, "To direban wane ne a cikinsu?" Na ce na gaban. Ta mayar da fasfo cikin akwati, ta ce dama ƙugunta ba ya son sanyi.

Kawu ruwa ne maganinsa, mutumin da in an yi ruwan sama sai ya zagaya unguwa don kada ya tsallaka kwata. Na kama mana wuri a wani ƙaramin jirgin ruwa da ke fasa ƙanƙara ya fita teku kallon manyan kifaye, na kuma nuna masa rigar da ake sa wa mutum don in ya faɗa a hango shi daga nesa. Ya mayar mini da wayar. Da yamma aka ji gwiwa ta tashi, duka biyun, har da ta ukun da ba mu san yana da ita ba.

Ƙaninki ne ya ba ni wahala. Karnuka ya ce yana so, teku ya ce zai ɗauki hoto. Sai da na tuna yadda yake ƙanƙame ƙarfe da hannu biyu in zai hau gadar tsallaka titi, sannan na samo wani akwatin gilashi da ake ratayewa a jikin waya a ja shi zuwa kan dutse, ƙasansa ma gilashi, mutum yana hango bishiyoyi a ƙarƙashin takalminsa kamar ciyawa. Ya ce shi sai ya zauna a ɗakinmu ya jira mu dawo. Na ce ɗakin ba intanet, soket ɗaya ne, shi ma fitila ce a jiki. Ya ce bari ya duba, kamar an kira shi ganawar neman aiki a makon nan.

Kada ki ɗauka ni jarumi ne. Ni ma tsoron kare nake, ɓoyewa kawai na iya. Mai gidan nan da nake wa aiki yana da wani ƙato a ɗaure bakin get. Kullum da safe nakan tsaya daga nesa in gaishe shi da ladabi, in ɗan matsa kaɗan, in yi masa bayanin cewa saboda matata ne. Shekaranjiya ya kaɗa mini wutsiya, ban san lokacin da na samu kaina a kan tulin yashi ba. Maigadi ya ga komai, amma mutumin kirki ne, ya yi kamar yana gyara rediyonsa.

Ranar da na ukunsu ya janye na shigo gida kamar wanda ya ci yaƙi. Na nemi idonki ta saman kan Kawu, ina jira in ga fitilar nan da ke kunnuwa a cikinsu. Kika ɗauki littattafan ɗalibanki kika shige ciki. Abin ya tsaya mini a rai, har jiya na samu Gwaggo tana tsintar shinkafa a ƙofar kicin, na durƙusa na ce, "Gwaggo, me na yi wa 'yarki?" Ta dube ni sama da ƙasa, ta yi dariya har tana share ido da bayan hannu. Ta ce, "Kai ɗan nan, wa kake zaton ya koya mata tsoron kare? A bayana ta girma fa. Ruwa kuwa, ko kwale-kwalen wasan yara ta hau sai ta yi amai. Hawa sama ma ta fi ƙanin nata tsoro, shi ai yana hawa gadar, ita zagayawa take." Ƙaninki ya ɗago daga waya ya ce, "Yaya ai ɗaki mai matsi ma ba ta so, numfashinta ɗaukewa yake, kowa ya sani." Kawu ma, Kawu nawa, ya gyaɗa kai daga kan katifa.

Kowa ya sani. Na miƙe na tsaya a tsakiyar falon. Na ɓata makonni ina gina katangar da za ta hana kowa shiga, na gama na waiwaya, ashe ke ma kina waje, ni kaɗai ne a ciki da karnuka.

Na san ƙwayar da Kawu yake sha da wadda yake ɓoyewa a ƙarƙashin filo. Na san Gwaggo ba ta shan ruwan firij. Na san lambar takalmin ƙaninki, domin nawa yake sawa. Amma da na zauna a kan bokitin nan na ce bari in rubuta abin da Malamata take so, sai biro ya tsaya cak. Duwatsu kike so ko kasuwa? Kina son shiru, ko shiru damunki yake? Da safe, in ba wanda za ki dafa wa ruwan zafi, me za ki yi da hannuwanki? Shayin da kike sha babu sukari, haka kike son sa, ko dai sukarin ne yake ƙarewa kafin ya zo kanki? Ban sani ba, kuma rashin sanin nan ya fi ƙanƙarar ƙasarsu sanyi a ƙirjina. Ban taɓa ganin kin zaɓi abu ba, sai dai ki ɗauki wanda ya rage.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi, zan kuma faɗa. Na tambayi Gwaggo wa ya gaya mata zancen tafiyar tun farko, ina zaton laɓewa ta yi a bayan shanya. Ta ce ke ce. Ta ce kin same ta a kicin kin zauna kusa da ita kin ce, "Gwaggo, wai mu biyu kawai, kwana da kwanaki. To me za mu ce wa juna?"

Ban ji haushi ba, Malamata. Tsoro na ji, domin ni ma tambayar nan ta zo mini, na danne ta. Me ya sa kike zaton na cika kowace rana da karnuka da teku da rataya a sama? Korar dangi rabin dalili ne. Ɗaya rabin shi ne, mutumin da ke ihu a kan keken karnuka ba wanda zai nemi hira a wajensa. Mun saba magana ta kan mutane, kuma a kan mutane: an ba Kawu magani, wa zai ɗauko yara, gas ya kusa ƙarewa. In aka kwashe su duka, wata mata ce za ta zauna a gabana wadda nake so fiye da raina ban kuma san kalar da ta fi so ba, ke kuma ki ga wani mai furfura da ba ki taɓa jin ya kai ƙarshen zance ba a katse shi ba. Wataƙila ki gano cewa in an bar ni na kai ƙarshe, zancen duk na siminti ne. Ina tsoron wannan ƙwarai, amma na fi tsoron mu tsufa ba mu gwada ba.

Ga abin da na yi yau da safe. Na soke karnuka, na soke jirgin ruwa, na soke akwatin gilashi. Don girman Allah kada ki gaya wa kowa a gida. In Gwaggo ta tambaya, ki ce an ma ƙaro wasu karnukan. Na kuma rubuta wa tsohuwa mai masauki na tambaye ta ko tana da ɗakin da mutum zai yi numfashi a ciki. Ta ce akwai ɗaya a ƙasa, mai babbar taga da ke kallon titi, ta ɗauka ba na son irinsu ne. Za ta riƙe mana shi zuwa jibi, bayan nan za ta ba wani. Hoton yana cikin wayata a kulle, ban nuna wa kowa ba, domin akwai wata doguwar kujera a ciki daidai tsawon Kawu, kamar an auna shi. Kwanakin kuwa yanzu a buɗe suke fayau, in ban da rabin yinin da zan je masana'anta in yi godiya. Ban sa komai a cikinsu ba, kuma ba zan sa ba.

In har zuciyarki ta fi natsuwa da jama'a, ki faɗa mini gaskiya, ba zan riƙe ki ba. Gidan bakin tafki yana nan ba a kama ba. Zan kama shi, in goyi Gwaggo har cikin jirgi, in riƙe wa Kawu jaka, in shimfiɗa wa ƙaninki bargo a baho da hannuna, kuma ba za ki ga canji a fuskata ba. Na zauna da ke cikin taro shekara da shekaru ina son ki daga nesa, kamar mai leƙen wata ta tsakanin rassan bishiya, kuma zan iya ci gaba a haka in shi kika zaɓa. Amma ina roƙonki, ya sanyin idaniyata, ya wadda ta cika mini gida ta kuma ɓace a cikinsa, ki gwada ni na 'yan kwanakin nan. In hira ta ƙare mana tun ranar farko, sai mu yi shiru tare. Shi ma ba mu taɓa gwadawa ba.

Na ji motsin ma'aikata suna dawowa, kuma simintin da na kwaɓa ya fara bushewa. Zan sa takardar nan a jakar littattafan ɗalibanki, domin ita kaɗai ce a gidanmu ba wanda yake buɗewa, kowa yana gudun a ce ya taya ki dubawa. Na bar fili a ƙasa. Ki ɗauki jan bironki ki rubuta mini abu ɗaya da kike so. Ba wanda yara suke so ba, ba wanda ya fi sauƙi ba, ba wanda kike zaton ni nake so ba. Ko ƙarami ne, ko irin burodi ne, ko gefen gadon da kika fi jin daɗi. Ki rubuta shi kafin jibi, ni kuma daga nan zan fara.

Naki jiya, naki yau, naki muddin ina numfashi, ba canji ba gajiya,

mijinki mai sa tayil,
wanda ya san danginki kaf, yake kuma roƙon a gabatar da shi gare ki.